Faifan da Ya Rage

Auta na durƙushe gaban kantar falo, tana lalube inda za ta soka kebul ɗin, sai ta ji muryar Baba a bayanta.

"Ba nan ba. A shuɗin bakin za ki saka."

Ta juyo da sauri. Rabon da ta ji magana tiryan-tiryan haka daga bakinsa, an fi wata shida.

Shekara talatin Baba ya yi yana gyaran kwamfuta a wani ofishi, har sunan Injiniya ya bi shi. Shi ya haɗa 'yar kwamfutar nan da ba ta fi sabulun wanki girma ba, ya jona mata faifan ajiya biyu, duk abin da aka zuba a ɗaya, ɗayan ya kwafe. Kowa a gidan ta wayarsa yake shiga ya duba hotuna, takardun gida, da bidiyon marigayiya Mama tana faɗa a kicin. Da ciwon mantuwa ya kama shi, likita ya ce a riƙa nuna masa fuskokin da ya sani. Kullum da safe Auta kan zauna gefensa tana buɗe masa hotunan, wani ya gane, wani ya ce bai taɓa ganinsa ba.

Ranar Litinin, ɗaya daga cikin faifan ya yi ta ƙas-ƙas, ya mutu. Yayanta da ke aiki a wani gari ya aiko da sabo, ya ce ta jira shi zuwa Asabar. Ta kasa jira, tana tsoron kada wanda ya rage ya bi ɗan'uwansa.

Baba ya ja kujera ya zauna, ya ɗaga wani ƙaramin akwatin raba wuta da faifan ke jone a jikinsa.

"Wa ya zare wa wannan wuta?"

"Ni ce, Baba. Soket na rasa, na saka abin guga."

"Shi ya sa. 'Yar abar nan ba ta iya ciyar da faifai biyu ita kaɗai. Kin haɗa kaza da shayar da maruƙa, Auta."

Ya kira sunanta. Ta sunkuyar da kai kada ya ga idonta.

Hannun da ke kasa ɓalle maɓallin riga, yau ko rawa bai yi ba. Ya mayar da wutar, ya jona sabon faifan, ya kara kunne ya ji juyawarsa. Ya sa ta kawo allon kwamfuta da madannai, ya shiga bugawa a baƙin shafi, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Can ya tsaya. Sunayen faifan biyu suka fito, harafi ɗaya ne ya bambanta su, kuma sai an zaɓi wanda za a kwafe a kan ɗan'uwansa. Yatsansa ya daɗe a sama.

"Baba, ka tabbata? Ko mu jira Yaya?"

"Yayan naki wa ya koya masa?" Ya kece da dariya har da tari.

Ya danna.

Sai bayan la'asar aikin ya ƙare. Auta ta buɗe wayarta ta shiga ma'ajiyar, ba ta ga komai ba. Ta fita ta sake shiga, ta kashe wayar ta kunna. Wayam.

Ta ɗauki hoton allon kwamfutar, ta shige banɗaki ta kulle, ta tura wa Yaya. Ba a jima ba ya kira ta.

"Sabon da babu komai a ciki Baba ya kwafa a kan tsohon," ya ce. "Ya shafe shi tas, daga farko har ƙarshe."

"Babu abin da za a yi?"

"Wannan kam ya tafi. Mataccen ki naɗe shi ki ɓoye. Akwai masu buɗe su, wani lokaci a dace, yawanci ba a dacewa." Ya ja numfashi. "Bidiyon Mama nan kaɗai yake, kin sani. Don Allah me ya kai ki barin sa?"

"Ya yi dariya, Yaya."

Ta ji Yaya yana jan hanci, sannan layin ya katse.

Ta wanke fuska ta fito. Baba ya nannaɗe igiyoyin, ya share ƙurar kantar, ya sa hularsa. Yana tsaye tsakiyar falonsa riƙe da tsohuwar jakar kayan aiki, kamar baƙon da ke jiran sallama.

"Baiwar Allah, aiki ya kammala," ya ce cikin ladabi. "Kin duba? Komai na nan?"

Auta ta kalli wayar da ke hannunta, ta kife ta a kan kujera.

"Komai na nan. Sannu da aiki, Injiniya."

"To madalla. Bari in kama hanya, iyalina na jira."

Ta karɓi jakar, ta saka masa takalmi, ta riƙe hannunsa suka fita. Suka bi layin a hankali har ƙarshe, suka zago ta bayan gidajen, ta sake buɗe masa ƙofar.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce.