Minti Arba'in Zuwa Gareji

"Ki ce kin manta," in ji Rochelle, tana miƙo mata kofi. "Shekarunki sittin da uku, Yaya. Ni ko abin da na ci jiya ban sani ba."

Vernetta Coates ba ta karɓa ba. Tun ƙarfe takwas suke zaune a benci a bakin ɗakin shari'a a garin Saginaw, don ba a barin mai shaida ya shiga sai an kira shi. Ɗanta Dorian na ciki. Kwana huɗu ke nan ana shari'arsa kan harbe Maurice Gaines, abokin aikinsa a gareji.

Da aka yi hutu lauyan Dorian, Mista Halloran, ya fito, kwat duk a yamutse kamar a ciki ya kwana.

"Misis Coates, harbi dai ba mu musa ba. Abin da ake ja a kai shi ne abin da ke ransa. In faɗa ne ya kaure, zuciya ta ɗebe shi nan take, shekaru ne masu iyaka, zai fito. In kuwa ya ƙulla niyya, ya sami lokacin sake tunani bai sake ba, ɗaurin rai da rai ne. A jihar nan alƙali ma ba shi da zaɓi."

"Ita dole ne ta yi magana?" Rochelle ta ce. "Na ji mace na iya ƙin yin shaida a kan mijinta."

"Mace na iya. Uwa ba ta iyawa."

"Kai jama'a! Wadda ta same shi da gemunsa an ɗaga mata, wadda ta yi naƙudarsa ba a ɗaga mata ba? To ta ce ta manta mana."

"Wannan ban ji ba," in ji lauya. "Ko ta manta ma, faifai bai manta ba."

Faifan nan shi ya hana Vernetta barci wata tara. Kwana biyu da kama Dorian ya bugo mata waya daga kurkuku. Kowa ya san muryar na'urar nan da ke fara cewa ana naɗar duk abin da aka faɗa. Ta ji ta sarai. Amma da ya ce "Mama," sai komai ya fice mata daga kai, ta fashe da kuka ta ce, "Me ya kai ni ba ka makullin akwatin babanka da safen nan?" A akwatin bindigar take. Kafin wannan magana, lauya na shirin cewa kullum a motar Dorian take zama.

Aka kira sunanta. Ta ɗaga hannu ta rantse. Dorian ya rame, wuya ya yi masa tsawo, bai ɗago kai ba. Mutum goma sha biyu da za su yanke hukunci suka zuba mata ido, aka kunna faifan, ta ji kukanta ya cika ɗakin. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

Lauyar gwamnati, Mis Brandt, ta matso. Yarinya ce mai ladabi, abin haushin ke nan. Da ma ta yi tsawa.

"Muryarki ce wannan, Misis Coates?"

"Tawa ce."

"Ƙarfe nawa ya zo gidanki a garin Flint ran nan?"

"Wajen bakwai."

"Ya gaya miki abin da zai yi da bindigar?"

"Bai ce komai ba."

"Yaya kika gan shi?"

A nan ne Vernetta ta ga ƙofa. Wata tara ana zana mata ɗa kamar dodo, yau ga dama ta samu.

"Lafiya lau, kamar kullum. Ɗana ba mai hayaniya ba ne. Ya zauna ya ci ƙwai biyu da burodi, har farantinsa ya wanke. Ya ma gyara mini famfon kicin da ke ɗiga."

"Ba ya ihu? Hannunsa ba ya rawa?"

"Ko kaɗan."

"Wato hankalinsa a kwance yake."

Sai da ta ga Mista Halloran ya ajiye biro ya dafe goshi sannan ta gane abin da ta yi.

"Daga gidanki zuwa garejin, tafiyar minti nawa ce a mota?"

Ta so ta ce ba ta sani ba. Amma duk Lahadi bayan coci ita ke kai masa abinci, rabin unguwa sun sani.

"Arba'in."

"Akwai wuraren da mutum zai iya juyowa a hanyar?"

"Akwai."

"Da yawa?"

"Da yawa," ta ce, da ƙyar aka ji.

Mista Halloran ya tashi ya yi 'yan tambayoyi uku, har da ko Dorian ya taɓa dukan wani, ta ce a'a, ya zauna. Ta juya wajen alƙali.

"Ya Mai Shari'a, ina roƙon in faɗi abu ɗaya tak."

"Babu tambaya a gabanki, Misis Coates. Kina iya sauka."

Ta sauko. Ta wuce ta gefen Dorian, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, ɗan sandan kotu ya tare da hannu. Ƙafafunta suka kai ta bakin ƙofa ba ta san yadda aka yi ba.

Wata dattijuwa ta taso daga benci na baya ta biyo ta waje. Sa'arta ce, ga hoton Maurice manne a ƙirjin rigarta. Rochelle ta yunƙuro za ta shiga tsakani, amma matar ba faɗa ya kawo ta ba. Ta kama hannun Vernetta da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Ni ce mahaifiyarsa," ta ce. "Kin faɗi gaskiya, 'yar'uwa. Allah ya yi miki albarka. Na gode."

Vernetta ta dubi hannuwan da ke riƙe da nata. Kafin ta ankara, bakinta ya riga ta.

"Ba komai," ta ce.