Kwatar Orville

Ni dai kek ɗin tuffa ke kai ni taron taswira, sai kuma abin da kunne ya tsinta. Tun kaka muke fama: a sa takalmin roba, a bi kowane ruwa a tsibirin nan har inda ya faɗa teku, a dawo zauren gari a zana wa majalisa. Shuɗin fensir na rafi ne, mai launin ruwan ƙasa na kwata. Inda aka ja shuɗi, ba mai gini kusa da shi. Gwiwoyina sun gaji, mu ma duk mun gaji da juna.

Ranar, a zauren, zanen ya iso bayan gidan Orville Tetlock. Kowa ya san ya sayi katako ya lulluɓe da tamfol, zai gina wa 'yarsa Marnie ɗan gida ta dawo daga ƙetare, tunda matarsa ta rasu ya zauna shi kaɗai. Filin da ya rage masa kuwa bakin ruwan nan ne.

"Kwata ce," in ji Orville. "Ni na haƙa ta da hannuna don gonata ta tsane. Rafi Allah ke yi."

Glenys, shugabar masu bin rafi, ta cire tabarau ta murza ido. "Baba Orville, na ga 'ya'yan kifin samon a ciki. A doka, duk ruwan da kifin nan ke ƙwai a ciki rafi ne, ba ta tambayi wanda ya haƙa ba."

"To su wa suka gayyace su?"

Na ce, "Wanda ya zuba musu tsakuwa su yi ƙwai mana. Ya kuma dasa musu itatuwa don inuwa, kamar surukai."

Aka yi 'yar dariya. Orville ya harare ni. "Ke tsohuwar nan, bakinki ba ya hutu?"

"Ranar Lahadi."

Ba sharri na yi masa ba. Duk tsibirin an san da asuba yake leƙa kifayen nan, har kare ya taɓa kora da sanda saboda su.

Glenys ta ajiye fensir biyu a gabansa. "Bayan gidanka ne. Ni na gaji da zama muguwa. Amma ka sani, in kwata ce, majalisa na iya turo motar haƙa ta yashe ta har da kifayen kowane lokaci."

Ya jawo taswirar gabansa. Sai ya ɗauki shuɗin, ya ja layi daga gindin tudu, ya tsaya a rabi, ya miƙa wa Glenys fensirin.

"Ƙarasa. Hannuna ciwo yake."

Ya ɗauki hularsa ya fita, ko kek bai taɓa ba.

Daga baya mai sayar da tikitin jirgin fito ce ta gaya min Marnie ta sabunta hayar gidanta a can ƙetare. Takan zo ƙarshen wata, ta kwana a kan kujerar falon babanta, ta koma da jirgin yamma.