Mai Wankin Ciyawa

A duk bakin gulbin Argungu, Laure kaɗai ke wanke ciyawa. Mata na wankin tufafi, masunta na gyaran taru, ita kuwa tana tsugune tana ɗauraye ciyawa dami-dami kamar ganyen miya.

"Laure, saniyar nan taki amarya ce?" in ji matan, suna shewa. "Saura lalle!"

Ita dai sai ta ci gaba da wankinta. Cikin shanu biyar da mijinta ya mutu ya bari, saniya ɗaya ta rage, mai ciki. Laure ta ga yadda huɗun suka ƙare. Haƙoransu suka yi ja suka zaizaye, gwiwoyi suka kumbura, dabba tana kallon abinci ta kasa taunawa.

Abin ya soma ne bayan Malami, ɗan wanta, ya kafa matoyar jan bulo gabas da makiyaya. Lokacin ana ta gina azuzuwa a Jihar Sakkwato, bulo ba ya kwantai. Likitan dabbobi ya zo daga Birnin Kebbi, ya duba bakin shanun unguwa, ya ce daga laka ne. Idan wuta ta ci ta sai ta saki wata guba, fulorayid, ta bi hayaƙi ta kwanta a kan ganye.

Malami ya yi dariya. "Ƙasar da muka yi rarrafe cikinta? Gwaggo, surutun 'yan boko ne."

Laure ba ta yi musu da shi ba. Ta ɗaure saniyar a gida, ta ce abin da ya kwanta a ganye ruwa zai ɗauke shi. Shekara uku tana yanka, tana wankewa, tana ɗaukowa a ka. Gulbi ya cika ya janye, ya sake cika. Tafin hannunta ya tsattsage har zare ba ya murzuwa. Saniyar ta haifi karsana, karsanar ta girma.

Ran wata kasuwa Malami ya dawo da bijimansa biyu. Masu saye sun buɗe bakinsu sun ce tsofaffi ne, alhali a gabansa aka haife su. Bai nufi gida ba, sai gidan Laure. Ya yi sallama, ya wuce turke, ya kama muƙamuƙin karsanar ya buɗe. Haƙora farare tas, jere kamar ƙwayar shinkafa.

Ya daɗe bai saki ba.

"Gwaggo, sau nawa kike ɗaurayewa?"

"Ukku."

"Kullum?"

"Kai ka taɓa ganin saniya na azumi?" Ta gyara ɗaurin zanenta. "Da wutarka ta mutu, ko sau guda ba sai na yi ba."

Malami ya juya gabas. Hayaƙin na tashi a hankali, yana karkata wajen fadama. Ya cire hula, ya mayar.

"Kafin ka gama shawara," in ji Laure, "ɗauko wancan damin mu tafi gulbi. Ba su ci ba tun safe."