Usur a Ƙofar Gidan Burodi

Mbok Tumirah ta daki kantar gidan burodin da tafin hannu.

"Pak Harjo, sata ɗana ya yi maka?"

"Bai yi ba, Mbok."

"To uban me ya yi?"

Mai gidan ya kau da kai. Shi da kansa ya ɗauki ɗan nata, Darsono, aiki daga cikin waɗanda aka koya wa gashin burodi a gidan yari. Amma jiya, Darsono na ɗauke da tire, sai mai gyara wa babura wurin tsayawa ya busa usur a waje. Nan take ya saki tiren, ya tsugunna, hannuwa a ƙeya, yana jiran ganduroba. Masu saye suka zuba masa ido. Wata ta rungume jakarta.

"Duk unguwa ta sani yanzu," in ji Pak Harjo. "In ya daina, ya dawo."

"Gandurobobi suka dasa masa wannan tsoron, kai kuma ka kore shi a kai! Allah ya isa."

Tana fita ta cafke igiyar wuyan mai usur ɗin, ta fizge usur ɗin.

"Mbok, da me zan yi aiki?"

"Ba ka da baki? Yi ihu kamar uwarka."

A bakin lungu ta tarar da Gareng, wanda suka saci babura tare da Darsono amma shi ba a taɓa kama shi ba, yana zuƙar taba a kan sabon babur.

"Mbok, a gaida Darsono. Akwai aiki."

Ta tofar da yawu ta wuce.

A gida, Darsono na takure a gefen tabarma, ƙofa a buɗe, bai kusance ta ba. Tun dawowarsa daga gidan yari, ko bayan gida sai ya nemi izini.

Ta tsaya a bayansa, ta busa usur ɗin.

Ya zube a tsugunne, hannuwa a ƙeya. Ƙaton mutum, har da furfura. Ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sanyi ƙalau.

"Ni ce, ɗan nan. Ba kowa. Tashi."

Ya miƙe. A bakin lungu babur ɗin Gareng ya yi gurnani.

Ta goge usur ɗin da haɓar zani, ta mayar baki, za ta sake busawa har ya saba.