Ɗigon da ke ƙiftawa a zauren Baba

...kuma ƙarfe goma sha biyu za a kashe shi, haka shugabanmu Sufyan ya ce, kamfanin motocin ya koma wata sabuwar manhaja. Saura minti ashirin. Ni ke da maɓallin. To, wa kuma? Ni na gina abin.

Ba wani abin a zo a gani ba ne, Baba. Shafi ne da ke nuna inda motocin fasinja suka kai tsakanin Parakou da Djougou. Mutum ya buɗe a wayarsa, serveur, wato babban injin da ke nan buro, ofishinmu, ya riƙe layin a buɗe yana ta turo labari: ta tashi, ta tsaya, ta iso tasha. Inji na magana, waya na saurare. Waya ba ta mayar da amsa, ba a yi mata baki ba. In babu labari, duk daƙiƙa goma sha biyar sai a tura ɗan abin da ba komai, don kada layin ya mutu. Shi ne koren ɗigon nan da ke ƙiftawa.

Mutum tara ke kan layi yanzu. Takwas. Na takwas ɗin kai ne, na san ka, ni na sa wa naka suna: zaure.

Tsohuwar wayar nan da na jingine a kan buhun goro, na sa ta a kuran, wutar lantarki. «Zakiyya, wannan kuma fa?» Na ce in yana ƙiftawa, ina wurin aiki, lafiyata lau. Ka yi dariya, ka ce kakanninka wata uku suke jiran labarin ayari daga Gwanja, ni kuma na mayar da jira abin wasa...

Wata bakwai ke nan ba mu yi magana ba.

Na makara, na sani. An binne Inna da la'asar, na iso bayan magariba, saboda wannan injin da ya faɗi na tsaya tayar da shi. Ba ka yi faɗa ba, ai da ka yi da ya fi mini. «Koma wurin injinki.» Shi ke nan. Ni kuma da taurin kai irin naka, gado ne, na koma Kpébié, unguwarmu a Parakou, ban waiwaya ba.

Amma kowace safiya sai na duba. Zaure na nan. Kuran ya ɗauke a Djougou, layin ya yanke, ya dawo, ya ce ga inda na tsaya, a ci gaba mini daga nan. Sai in ce Baba ya huce, Baba na dubana. In sha shayina hankali kwance. Kai, Zakiyya! Ke da hannunki kika rubuta: in ya yanke, ya sake gwadawa bayan daƙiƙa uku. Waya ce ke dawowa da kanta. Ko babu kowa a ɗakin za ta dawo. Na sani, wallahi na sani, son zuciya ne kawai.

Saura minti shida. Sufyan ya leƙo, ya nuna agogo, ya koma.

Ga kuma saƙon Yaya Hamsatou na safiyar yau, sau nawa na saurara? Idonka ya rufe tun bayan Babbar Sallah. Kai ka hana a faɗa mini. Wata biyu kana cikin duhu, ni ina nan ina kallon allo, wai lafiyarka ƙalau. Kunya nake ji, Baba, har cikin ƙashina.

Sai ƙarshen saƙon... ta ce ba ka yarda a cire wayar daga kuran, ko don a sa wata. Duk wanda ya gifta ta zaure sai ka tsayar da shi. «Yana ƙiftawa?» A ce yana yi. Ka ce to, madalla.

Mutum uku. Biyu.

Sha biyu ta yi. Na danna.

Ga shi nan a rajistar injin, zaure na neman shiga. An ƙi. Daƙiƙa uku, ya sake. An ƙi. Haka zai yi ta yi, ba ya gajiya.

An kusa azahar, wani zai gifta, za ka tsayar da shi. Me zai ce maka?

Lambarka na nan. Yatsana na kanta. Da me ake farawa ne... sallama ko?