Launin Bindigar Alhaji Othman

Muntaka yana kankare waldar wata ƙofa a warsharsa da ke unguwar Bani Malik a Jidda, sai Husaini ya shigo da wani abu naɗe cikin tawul. Husaini haifaffen Jidda ne, direba a tashar jiragen ruwa, Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe da Larabci. Ya warware tawul a kan benci. Bindigar farauta ce mai baki biyu, tsohuwa, ƙotarta ta yi baƙi don riƙo.

Muntaka ya kalli titi, ya janyo ƙofar warsha ƙasa. Tun da ya zo Hajji daga Damagaram ya zauna, bai taɓa riƙe iƙama, takardar izinin zama, ba.

"Ta Baba ce, tana da lasisi," in ji Husaini. "Yana asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye. Na ce bari in gyara masa ita kafin ya dawo. Ya ammi, kawu, dubi abin da na yi."

Ƙarfen da ke tsakanin ƙota da bakunan bindigar ya yi fari fat kamar cokali. A can gefen kunamar bindigar kaɗai wani ɗan shuɗi ya rage.

"Da me ka goge?"

"Takardar goge ƙarfe. Na ga dabbare-dabbare, na ɗauka tsatsa ce."

"Ba tsatsa ba ce. Wuta ce ta ba ta wannan launi, da ƙashi." Muntaka ya juya ta. "Maƙeran Turai suna gasa fatar ƙarfen ta yi tauri, cikinsa ya zauna da laushi don kada ya karye. Mu ma a gida haka muke yi wa kunamar bindiga."

"Za ka iya mayarwa?"

"Zan iya sa launi. Na da dai ba zai dawo ba, wuta ba ta yin zane ɗaya sau biyu. Kuma ƙarfen yana iya karkacewa, bindigar ta ƙi rufuwa har abada."

Husaini ya dubi ƙarfen. Wani matuƙin jirgi ne ya ba mahaifinsa bindigar tun yana ɗan dako a tasha, kuma tsohon ko ƙannensa ba ya bari su taɓa ta.

"Halas, shi ke nan, ka yi," in ji Husaini.

"To kwashe bakunan da ƙotar ka tafi da su. Abin da zai kwana a nan kada ya yi kama da bindiga."

Washegari Muntaka ya je mahauta ya roƙi ƙasusuwan ƙafar raƙumi. Ya ƙone su cikin gwangwani rufaffe har suka zama gawayi, ya daka su, ya cuɗa da gawayin itace da guntayen tsohuwar fata. Warin ya sa Bahindiyen da ke ɗinkin kujerun mota a maƙwabta ya leƙo, ya toshe hanci, ya koma. Muntaka ya binne ƙarfen cikin garin gawayin a wani ƙaramin akwatin ƙarfe, ya liƙe murfin da laka, ya tura cikin wuta.

Husaini ya zo bayan azahar, ya tarar da akwatin ya yi jajawur. A gefe ga durom cike da ruwa, an zura masa tiyo yana ɓulɓulo da iska daga ƙasa.

"Iskar ce ke kawo shuɗin," in ji Muntaka. "Matsa baya."

Ya ɗauko akwatin da awartaki, ya kai shi dab da ruwan, ya kife. Ruwan ya yi ƙara, tururi da baƙin gari suka tashi har rufi. Da ya lafa ya zura hannu ya lalubo ƙarfen, ya share da tsumma mai mai. Shuɗi ya fito, da ruwan toka, da wani ruwan zuma da ya malala a gefe kamar hadari.

Husaini ya ɗauko bakunan da ƙotar daga mota. Muntaka ya haɗa, ya ɗaga. Ta tsaya saura ƙiris ta rufu. Ya ciro magagari, ya shafi wani lungu a hankali, ya sake ɗagawa. Ta rufu da ƙaramin sauti.

"Ma sha Allah. Ta fi da kyau," in ji Husaini. "Ba zai gane ba."

Muntaka ya shiga kwashe toka.

Bayan an sallami tsohon daga asibiti, wata safiya tasi ta tsaya a ƙofar warsha. Direban ya fito da keken guragu, ya zaunar da wani dattijo siriri, hannunsa na hagu a kwance kan cinya. Alhaji Othman ne, mahaifin Husaini. Bai zo da bindiga ba.

Suka gaisa. Maganarsa tana jan baki, amma Hausarsa ta tsofaffi ce, tsaf.

"Kai ne maƙerin Damagaram?"

"Ni ne, Alhaji."

"Na bi maƙera uku kafin a nuno mini nan. Da ƙashin me ka yi?"

"Na raƙumi."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Shi ya sa. Tawa shuɗinta ya fi duhu. Akwai wani tabo a dama mai kama da kan doki, shekara da shekaru ina kallonsa."

"Na gaya wa Husaini ba zai dawo ba."

"Ya kawo mini ita a gado, yana ta kallon fuskata. Na ce masa ta sha mai, Allah ya yi albarka." Ya goge bakinsa da gefen rawani. "Yaron nan tun yana ƙarami bai taɓa yi mini wani abu ba tare da an sa shi ba. Wannan ne na farko."

Muntaka ya ajiye gudumar da ke hannunsa.

"Za ta yi harbi?" in ji tsohon.

"Za ta yi."

"To. Ni dai na gama harbi, tasa ce." Ya yi wa direban alama ya juya keken. A bakin ƙofa ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "In ya zo, ban zo nan ba."

Tasi ta tafi. Muntaka ya sa tabaraun walda, ya koma kan ƙofar da ake jira.