Shingen Ƙarshe

Tun yana saurayi mai hoton nan yake ɗaukar mutanen da ke zaune cik. A shagonsa ba mai musu da shi: ɗaga haɓa, gyara wuya, kar ka motsa. Sai ga autarsa ta tashi 'yar tseren tsallake shinge, yarinyar da ko abinci a tsaye take ci. Uwarta kuwa ciwon ƙafa ya ɗaure ta a ɗaki, ba ta taɓa ganin gudun 'yarta ba. Ranar babbar gasa ta ce masa, "Malam, ka ɗauki 'ya'yan kowa. Yau ka kawo mini tawa tana gudu."

A zagayen farko ya sha kunya. Shinge ya fito tsaf, ciyawa ta fito tsaf, Auta kuwa dunduniya kawai ta bar masa a gefen hoto. Wata 'yar jarida da ke durƙushe kusa da shi ta leƙa, ta danne dariya.

"Baba, jira kake ta tsaya ta yi maka murmushi?"

Abin ya sosa masa rai, amma ya miƙa mata kyamarar. Ta ƙara mata saurin ɗauka ta mayar masa.

"Zaɓi shinge ɗaya ka saita a kai. Daina rufe ɗaya idon, bar shi yana bin ta. Ka danna tun kafin ta tashi, in ka ga tsallen da idonka ya riga ya wuce. Kuma kome ya faru, kar ka ɗaga yatsa."

A tseren ƙarshe ya zaɓi shingen ƙarshe. Auta ce a gaba. Ya danna, kyamara ta hau ƙyas-ƙyas, sai ƙafarta ta baya ta harɗe shingen, ta kifa. Ƙafafunsa na neman rugawa wurinta, yatsan kuwa ya ƙi tashi. Sauran suka wuce ta fuu. Ta yunƙura ta ƙarasa, ita ce a bayan kowa.

A gida Auta ta shige ɗaki ta banko ƙofa. Shi kuma ya zauna a bakin gadon matarsa, yana jin ya kawo mata baƙin ciki da hannunsa.

"Bari in goge hotunan faɗuwar tukuna," in ji shi.

"Ba ni nan."

Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce tsallen, ta wuce faɗuwar, ta tsaya a kan wani. Gwiwar Auta na jini, tafinta ɗaya a ƙasa, ta riga ta ɗago, idonta kyam a kan layin ƙarewa.

Uwar ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba tana murmushi.

"Wannan za ka wanke mini, babba. Je ka kira ta. Ba na jin ta san haka ta tashi."